Lois Wilson: Matar da ta gano cewa mai zaman jinya ma yana buƙatar magani

A manyan asibitocin da ake dashen hanta a Turai da Amurka, kafin a sa sunan mara lafiya cikin jerin masu jiran hanta, akwai tambayar da ma'aikata ba sa tsallakewa: wa zai zauna da shi bayan tiyata? Suna so a faɗi sunan mutumin. Shi ne zai riƙa tuna wa majinyacin maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hantar, safe da dare, a kan lokaci. Shi zai riƙa kai shi gwajin jini akai-akai a makonnin farko, shi kuma zai fara lura idan zazzaɓi ya taso ko alamun shawara sun bayyana a ido. Galibi wannan mutum mata ce, ko uwa, ko 'ya. Idan kuwa barasa ce ta lalata hantar, wanda yana cikin manyan dalilan dashe a Faransa da Amurka, to matar ta riga ta kwashe shekaru tana wata jinyar da ba a yi a asibiti ba, ta ɓoye kwalba, da biyan bashi, da rufa wa miji asiri a wurin aiki. Irin waɗannan iyalai ne ake yawan ba shawarar su nemi taron wata ƙungiya mai suna Al-Anon.

Wata mata ce ta kafa ƙungiyar a 1951, tana da shekara 60. Ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa rubuta wa kowa magani ba. Sunanta Lois Wilson, matar Bill Wilson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa ƙungiyar mashaya masu neman dainawa, Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. Duniya ta fi sanin mijin. Amma tarihin matar ya fi kusa da rayuwar duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a gefen gadon asibiti.

'Yar likita da ɗan ƙauye

An haifi Lois Burnham ranar 4 ga Maris, 1891, a gida mai lamba 182 da ke titin Clinton, unguwar Brooklyn Heights a birnin New York. Ita ce babba cikin 'ya'ya shida. Mahaifinta, Dakta Clark Burnham, likitan tiyata ne mai rufin asiri, gidan kuma na bin wata ƙaramar ɗarikar Kirista ta mabiya Swedenborg. Ta yi karatu a makarantar Brooklyn Friends, ta kammala a Packer Collegiate Institute, inda ta fi mayar da hankali ga zane.

Duk lokacin zafi iyalin kan tafi jihar Vermont, bakin tafkin Emerald, inda mahaifin ke duba masu hutu. A can, ta hanyar ƙaninta Rogers, ta san wani dogon saurayi ɗan ƙauyen East Dorset, Bill Wilson, wanda iyayensa suka rabu tun yana yaro, kakanninsa na wajen uwa suka riƙe shi. Ta girme shi da fiye da shekara huɗu. A lokacin ko ɗanɗana giya bai yi ba, yana ma gudunta, domin ya ga ɓarnar da ta yi a danginsa.

Soja ne ya canza wannan. A 1917, yana ƙaramin hafsa a garin New Bedford, aka fara gayyatarsa liyafar gidajen masu kuɗi, aka miƙa masa kofi, ya ji kunyarsa da ɗari-ɗarinsa sun gushe. An ɗaura musu aure ranar 24 ga Janairu, 1918, 'yan watanni kafin a tura shi Turai a Yaƙin Duniya na Farko. Lois ta san yana sha. Ta ɗauka kulawarta za ta gyara shi, kamar yadda amare da yawa suka ɗauka kafinta da bayanta.

Yayin da yake fagen yaƙi ta koyi aikin farfaɗo da majinyata ta hanyar sana'ar hannu, ta yi aiki a asibitin soja na Walter Reed da ke Washington, daga baya kuma a sashen masu taɓin hankali na asibitin Bellevue a New York. Wato tun kafin jinya ta shigo mata gida, ta riga ta zama sana'arta.

Shekara goma sha bakwai

Farkon shekarun 1920 sun zo mata da jarrabawar da ta ɗauka har kabarinta. Ta yi ciki fiye da sau ɗaya yana zama a wajen mahaifa, daga ƙarshe aka yi mata tiyatar da ta rufe mata ƙofar haihuwa. Sun nemi a ba su yaro su riƙe, hukumar ta ƙi, saboda labarin shan mijin ya kai mata. Lois ta daɗe tana zargin kanta, tana ganin kamar rashin haihuwarta ne ke ƙara tura shi ga kwalba. Wannan tunani, cewa laifina ne, shi ne abu na farko da ƙungiyarta za ta riƙa cire wa mata daga baya.

Bill ya yi karatun lauya da dare amma bai taɓa aiki da shi ba. Hankalinsa na kan kasuwar hannun jari, yana da ra'ayin cewa bai kamata mutum ya sayi hannun jarin kamfani ba sai ya je ya ga masana'antar da idonsa. A watan Afrilun 1925 suka hau babur ƙirar Harley-Davidson mai kwando a gefe, suka ɗora tanti da littattafai, suka shiga zagayen gabashin Amurka suna leƙa masana'antu, har da na General Electric a Schenectady. Kuɗi ya ƙare, suka yi ƙodago a gona. Shi yana neman sirrin kamfanoni, ita kuwa burinta ɗaya ne: ta nesanta shi da mashayar New York. A daji yakan yi makonni lafiya lau. Da sun shiga gari ya sami kuɗi a hannu, sai a koma gidan jiya.

Rahotannin da ya riƙa aikawa sun sama masa suna da kuɗi mai yawa. Shan ma ya ƙaru daidai da kuɗin. Daga 1928 ya fara rubuta mata alkawarin dainawa a cikin Littafi Mai Tsarki na gidan, ya sa kwanan wata. Ya karya, ya sake rubuta wani a ƙarƙashinsa. Da kasuwar hannun jari ta rushe a watan Oktoban 1929 komai ya tafi. Bayan ɗan zama a Montreal ta Kanada, inda aka kore shi daga aiki saboda sha, suka dawo gidan iyayenta a titin Clinton. Mahaifiyarta ta rasu ranar Kirsimeti ta 1930, Bill yana buge, bai halarci jana'izar ba. 'Yar likitan nan ta koma sayar da kaya a kantin Macy's, daga baya a kantin Loeser's, ita ke ciyar da gida, shi kuma yana zaro kuɗi daga jakarta.

Tsakanin 1933 da 1934 an kwantar da shi sau huɗu a asibitin Towns da ke New York. Likitan wurin, William Silkworth, yana cikin 'yan ƙalilan da a wancan zamani ke kallon shaye-shaye a matsayin cuta, ba lalacewar hali kaɗai ba. Shi ne ya zaunar da Lois ya faɗa mata gaskiya, cewa in ba a kulle mijinta a wani wuri ba, to ko dai ya haukace ko ya mutu, kuma ba da jimawa ba.

Abin da shekara goma sha bakwai na kuka da lallashi da addu'arta bai yi ba, sai ga wani tsohon abokin shansa ya yi. A watan Nuwamban 1934 Ebby Thacher ya zo gidan, garau, ya zauna da Bill a teburin ɗakin girki, ya ba shi labarin yadda ya daina ta hanyar wata ƙungiyar addini mai suna Oxford Group. Ranar 11 ga Disamba, 1934, Bill ya sha na ƙarshe a hanyarsa ta komawa asibitin Towns. A wannan kwanciyar ya ce ya sami wani irin haske a zuciyarsa, kuma daga nan bai sake sha ba har ya mutu.

Ya fito da zumuɗin ceto duk mashayan duniya. Watanni ya yi yana wa'azi, ko mutum ɗaya bai daina ba. Da ya karaya, Lois ce ta nuna masa abin da ya kasa gani: su ba su daina ba, amma shi da ke faman yi musu magana bai koma ba. A kan wannan lura aka gina AA gaba ɗaya, cewa mai cuta yana samun sauƙi ta hanyar taimakon mai cuta irinsa. A watan Mayun 1935, a garin Akron na jihar Ohio, wata harkar kasuwanci ta ɓaci masa, sha'awar giya ta taso, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi ya yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Dakta Bob Smith. Ranar 10 ga Yuni, 1935, wadda ake lissafawa a matsayin ranar shan Dakta Bob na ƙarshe, ita ce AA ta ɗauka ranar kafuwarta.

Takalmin da ta jefa

A nan ne labarin ya kamata ya yi daɗi, amma ga Lois sai ya ƙara ɗaci. Gidan titin Clinton ya zama masaukin mashaya. Tana tashi ta tafi kanti, ta dawo ta dafa wa ƙarti abinci, wasu su yi faɗa, wasu su sha a ɓoye. Ɗaya daga cikinsu ya sayar da tufafin masu gidan, daga baya ya kashe kansa a cikin gidan. Mijin da ta yi shekaru tana jiran ya dawo hayyacinsa ya dawo, amma ba wurinta ba. Kullum yana taro, kullum yana tare da sababbin 'yan'uwansa.

Wata Lahadi ya ce ta yi sauri kada su makara zuwa taro. Tana riƙe da takalmi, sai ta wurga masa da iya ƙarfinta, ta tsine wa tarukan nasa. Ita kanta abin ya ba ta tsoro. Matar da kowa ke yabo da haƙuri, daga ina wannan fushi ya fito?

Amsar da ta samo wa kanta ba mai daɗin ji ba ce, kuma nan ne darajarta take. Ta gane tana jin haushi ne don ba ita ta warkar da shi ba. Ta mayar da ceton Bill aikin rayuwarta, sai ga wasu baƙi sun yi shi cikin 'yan makonni, an bar ta ba abin yi. Ta gane cewa a cikin haƙurin nan nata akwai jin kai ya fi, akwai tausayin kai, akwai son juya wani mutum. Ta yi shekaru tana ganin ita ce mai lafiya a gidan, alhali cutar ta taɓa ta ita ma, ta wata fuskar. Mai karatu da ya tashi a inda ake sallamar kowace mace mai kuka da cewa ta yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci, zai ga nauyin wannan magana. Lois ba ta raina haƙuri ba, ta zauna da mijinta shekara 53. Abin da ta ƙi yarda da shi shi ne a ce mai haƙuri ba shi da ciwon da za a duba.

Daga nan ta fara aiki da ƙa'idojin AA a kan kanta. Ta kuma lura ba ita kaɗai ba ce. Duk inda mazan suka shiga taro, matan na gefe, suna dafa kofi a ɗakin girki ko suna jira a wani ɗaki. A Akron, Anne Smith, matar Dakta Bob, ta riga ta fara tara matan tana zama da su. Lois ta ziyarce ta a bazarar 1935, suka ƙulla zumunci. Hirar jira ce ta rikiɗe a hankali ta zama taro. Mace ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa ko mahaifiyarta ba, sai ta ga sauran suna gyaɗa kai, domin kowace ta san inda ake ɓoye kwalba, ta san ƙarar takun mai maye a kan matakala.

Duk da haka ba a ba su muhimmanci ba. Da ake rubuta babban littafin AA, wanda ya fito a watan Afrilun 1939, an ware babi guda domin matan mashaya. Bill ya nemi Anne Smith ta rubuta, ta ƙi. Maimakon ya ba matarsa, sai ya rubuta da kansa, da muryar mace, kamar matan ne ke magana. Wannan ya ƙona wa Lois rai, kuma ba ta ɓoye hakan ba a shekarunta na baya. Duk wanda ya karanta babin a yau zai ga dalili: ya fi koya wa mace yadda za ta lallaɓa miji, fiye da yadda za ta tsira da kanta.

A wannan watan dai na Afrilun 1939 aka ƙwace gidan titin Clinton saboda bashi. Gidan da aka haife ta a ciki ke nan. Shekara biyu suka yi suna raɓe a gidajen mutane, sun sauya wurin kwana kusan sau hamsin, har da wani ɗan ɗaki a saman kulob ɗin AA da ke titi na 24 a Manhattan. Sai a 1941 wata mata mai hali ta sayar musu da gida a Bedford Hills, arewa da New York, a kan biyan dala 40 duk wata. Suka sa masa suna Stepping Stones. A shekarar ce kuma mujallar Saturday Evening Post ta buga dogon rahoto kan AA, mambobi suka tashi daga kimanin 2,000 zuwa 8,000 kafin shekarar ta ƙare. Kowane sabon mamba kuwa yana da iyali a bayansa.

Wasiƙu 87

A shekarun 1940 ƙananan tarukan iyalai sun ɓullo da kansu a garuruwa daban-daban, kowanne da sunansa da tsarinsa. Wasu dafa kofi kawai suke yi wa taron maza, wasu sun zama dandalin ƙorafi a kan miji. Bill ne, bayan wani zagaye da ya yi a 1950, ya dawo ya ba Lois shawarar ta buɗe ofishin da zai haɗa su. Da farko ba ta so ba. Ta kai shekara sittin, ta sami gida da lambu a karon farko, tana son ta huta.

Ta dai yarda. A watan Afrilun 1951, lokacin babban taron wakilan AA na farko, ta gayyaci matan wakilan cin abinci a Stepping Stones ta ji ra'ayinsu. A watan Mayu ita da ƙawarta kuma maƙwabciyarta, wadda ƙungiyar ke kira Anne B., suka zauna a saman benen gidan suka rubuta wasiƙu ga adireshi 87 na tarukan iyalai da ɗaiɗaikun mutane da suka taɓa tuntuɓar ofishin AA. Sun tambaye su ko suna son haɗuwa a inuwa guda, da wane suna, kuma ko za su karɓi matakai goma sha biyu na AA. Fiye da rabi suka amsa. An ɗauko sunan Al-Anon daga farkon kalmomin Alcoholics Anonymous, matakan kuma aka karɓe su kusan yadda suke, kalma ɗaya tak aka sauya a mataki na ƙarshe. Littafin ƙungiyar na farko ya fito a 1955. A 1957 wani matashi a jihar California ya fara reshen 'ya'yan mashaya, Alateen.

Tsarin da suka shimfiɗa mai sauƙi ne, wataƙila shi ya sa ya daɗe. Babu kuɗin shiga, sai abin da mutum ya jefa a kwando, kuma ƙungiyar ba ta karɓar tallafi daga waje. Babu likita ko malamin addini da ke jagorantar zama, mambobi ne ke karɓa-karɓa. Ana kiran mutum da sunansa na farko kawai, abin da aka faɗa a ɗakin kuma a ɗakin yake tsayawa. Ba a ce wa mace ta bar mijinta, ba a ce mata ta zauna. Kowa ya faɗi abin da ya faru da shi, mai saurare ya ɗauki abin da ya yi masa. Sabon zuwa kan ji abu uku tun ranar farko: ba shi ya jawo cutar ba, ba zai iya juya ta ba, ba zai kuma iya warkar da ita ba. Ana koya masa ya daina tare wa mashayin sakamakon abin da ya aikata, ya daina yi masa ƙarya a wurin aiki, ba tare da ya daina ƙaunarsa ba.

Sai an tuna yadda masana na wancan lokaci ke kallon waɗannan mata kafin a gane girman abin. A shekarun 1940 da 1950 an yi rubuce-rubuce da dama da ke cewa matar mashayi ita ce mai matsala tun asali, ita ta zaɓi raunannen namiji don ta mallake shi. Wata mai binciken zamantakewa, Joan Jackson, ta zauna da matan da ke irin waɗannan tarukan a birnin Seattle, a 1954 ta wallafa sakamakon da ya juya maganar: halin da ake gani a wurin matan martani ne na iyalin da ke cikin masifa mai tsawo, ba shi ne sanadin masifar ba.

Ba a ce hanyar Lois ba ta da iyaka ba. Wani gwaji da William Miller da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1999 ya kwatanta hanyoyi uku na taimakon iyalan mashaya. Inda aka bi tafarkin Al-Anon, kashi 13 cikin 100 na mashayan ne suka yarda suka shiga magani, inda kuwa aka horar da iyalin dabarun jawo mashayin, wata hanya da ake kira CRAFT, an kai kashi 64. Amma a duka hanyoyin ukun, su iyalan sun sami sauƙin damuwa da ƙunci. Wato Al-Anon ba ta kai wasu hanyoyin ba wajen kai mashayi asibiti, kuma ba ta taɓa cewa aikinta ke nan ba. Wanda ta zo dominsa shi ne na gefen gadon.

Jinya ta biyu

Daina shan Bill bai mayar da auren aljanna ba. Daga tsakiyar shekarun 1940 ya faɗa cikin matsananciyar cutar damuwa wadda ta riƙe shi kusan shekara goma, wani lokaci ko tashi daga gado ba ya iyawa. Marubuta tarihinsa sun kuma tabbatar yana neman mata, har ya bar wa ɗaya daga cikinsu kashi 10 cikin 100 na kuɗin littattafansa a wasiyya. Lois ba ta yi maganar wannan a bainar jama'a ba. Wasu na ganin ƙarfin hali ne, wasu na ganin ta koya wa dubban mata abin da ita kanta ba ta gama koya ba. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne.

Taba ce ta kashe shi, ba giya ba. Huhunsa ya lalace, shekarunsa na ƙarshe da tukunyar iskar numfashi ya yi su, ita ce kuma a gefensa. Ya rasu a Miami ranar 24 ga Janairu, 1971, ranar da aurensu ya cika shekara 53. Sai bayan mutuwarsa jaridu suka buga cikakken sunansa, jama'a suka san wane ne Bill W., suka kuma san wace ce Lois W.

Ta ƙara shekara goma sha bakwai a duniya bayansa. Ta ci gaba da halartar tarukan Al-Anon, ta wallafa tarihin rayuwarta, Lois Remembers, a 1979, ta kafa gidauniyar da za ta kula da gidansu. A yau ƙungiyar na da tarurruka a ƙasashe fiye da 100, ciki har da Faransa da sauran ƙasashe masu magana da Faransanci.

A cikin waɗannan shekaru ne dashen hanta ya tashi daga gwaji ya zama magani. Thomas Starzl ya yi na farko a jikin ɗan Adam a Denver a 1963, yaron bai tashi daga teburin tiyata ba. Sai a 1967 aka sami wadda ta rayu fiye da shekara. Zuwan maganin cyclosporine a farkon shekarun 1980 ya buɗe ƙofa sosai. Mutane suka riƙa tururuwa zuwa Pittsburgh, inda Starzl ya koma, iyalai na kwana a kujerun asibiti na makonni. A 1983 aka buɗe musu masauki mai suna Family House a birnin, kuma a nan Pittsburgh waɗanda aka yi wa dashe suka kafa ƙungiyarsu ta taimakon juna, TRIO. A Faransa akwai irinta ta masu ciwon hanta da waɗanda aka yi wa dashe, Transhépate. Waɗannan ba rassan Al-Anon ba ne, amma tubalin ɗaya ne: wanda ya riga ya bi hanyar ya zauna da wanda zai bi ta, mai jinya kuma ya sami mai jinya irinsa.

A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ba barasa ce kan gaba wajen lalata hanta ba, cutar hanta nau'in B ce, wadda da yawa ke ɗauka tun suna jarirai. 'Yan ƙalilan da ke da halin dashe sukan tafi Indiya ko Masar ko Turkiyya, kuma sai sun tafi da ɗan'uwan da zai ba da wani yanki na hantarsa. Sau da yawa mace ɗaya ce za ta yi jinyar mutum biyu a lokaci guda, mai bayarwa da mai karɓa, a ƙasar da ba ta jin harshenta, sannan ta dawo gida ta ci gaba da lissafin kuɗin maganin da ba a dainawa har ƙarshen rai. 'Yan dubiya kan cika ɗaki su tambayi jikin mara lafiya, ita kuma a yi mata sannu da jinya a wuce.

Lois ta rasu ranar 5 ga Oktoba, 1988, tana da shekara 97, aka binne ta kusa da Bill a East Dorset. A shekarar ce Starzl da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon da ya nuna cewa waɗanda barasa ta lalata wa hanta suna rayuwa bayan dashe kamar sauran majinyata, abin da ya raunana hujjar masu cewa kada a ɓata musu hanta. Cibiyoyi da yawa suka ɗauki ƙa'idar sai mutum ya yi wata shida bai sha ba kafin a yi masa dashe. Amma akwai masu kumburin hanta mai tsanani da ba sa kai wata shidan da rai. A 2011 ƙungiyar likitoci daga Faransa da Beljiyam, ƙarƙashin Philippe Mathurin na birnin Lille, ta ba da rahoton majinyata 26 da aka yi wa dashe ba tare da jiran wata shida ba: kashi 77 cikin 100 na raye bayan wata shida, a kan kashi 23 na waɗanda ba a yi wa ba. An tsananta wajen zaɓen waɗannan mutum 26, kuma cikin sharuɗɗan da aka gindaya har da samun iyalin da ke tsaye a bayan majinyacin.

Gidan Stepping Stones yana nan, gwamnatin Amurka ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 2012. Masu ziyara kan tsaya a teburin ɗakin girkin da aka ɗauko daga titin Clinton, wanda Ebby da Bill suka zauna a kansa a 1934. A saman bene kuma akwai teburin rubutun da Lois da Anne B. suka aika wasiƙun nan 87 daga kansa.